Yadda Ake Gina Dandamalin Katako Mai Magani a Gida, da Yadda Ake Sauya Wanda Ya Tsufa

Dandamalin katakon da ake haɗawa a jikin gida ba kasafai yake fara mutuwa daga inda ido ke gani ba. Falankan sama kan yi fari su tsattsage, amma su ci gaba da ɗaukar mutane shekara da shekaru. Ɓarnar tana farawa ne a mahaɗa: inda katako ya jingina da bango, inda ginshiƙi ya taɓa ƙasa, da inda ƙusa ke cin tsatsa a ɓoye. A waɗannan wuraren za mu fi daɗewa.

Misalin da za mu bi shi ne dandamali mai tsawon mita 4.8 a jikin bango, mai fitowa waje mita 3.6, tsayinsa daga ƙasa santimita 90. Idan naka ya zarce mita biyu a sama, ko za ka ɗora masa rufi ko tankin ruwa, wannan lissafin bai ishe ka ba, sai injiniya ya duba.

Kayan aiki

Tef na awo, lebul mai tsawon mita ɗaya ko fiye, sukwaya, igiya da turaku, zaren alli na buga layi, zarton lantarki mai faifai da zarton hannu, injin huda da bakunansa, guduma, sifana, shebur da diga, ƙarfen ɓamɓara, matsi guda biyu na riƙe katako, burushi. Sai tabarau na kariya, safar hannu da takunkumin ƙura, domin garin katako mai magani, wato wanda aka cusa wa maganin hana ruɓa da gara, ba abin shaƙa ba ne.

Katako da ƙarafa

Ana kiran girman katako da inci, amma ainihin awonsa bai kai sunan ba. Abin da ake ce wa 2×8 kaurinsa santimita 3.8 ne, faɗinsa 18.4. Ga abin da misalinmu zai ci:

- Katakon bango, wanda ake ɗaurewa a jikin gini: 2×8 mai mita 4.8, ɗaya. Wani irinsa na rufe gaba.
- Haƙarƙari, wato katakan kwance da falanki ke hawa kansu: 2×8 mai mita 3.6, guda 13, da ƙarin biyu na yanka gutsattsari.
- Bim, wato babban katakon da ke zaune a kan ginshiƙai yana tallafe haƙarƙari: 2×10 mai mita 4.8, guda biyu da za a haɗe.
- Ginshiƙai: 6×6, guda uku.
- Falankan daɓe masu faɗin santimita 14: guda 25, amma sayi 28.
- Sukurun daɓe kimanin 650, noti masu kaurin milimita 12 da washa, maratayan ƙarfe na haƙarƙari, takalman ƙarfe na gindin ginshiƙi, fallen kare ruwa, tef mai danƙo na rufe saman katako, da gwangwanin maganin shafa wa yanka.
- Siminti buhu biyu masu kilo 50, yashi da tsakuwa.

Katako mai magani na gaskiya a cikin babbar tukunyar ƙarfe ake yin sa. A zuƙe iskar da ke cikin itacen, a cika tukunyar da ruwan magani, sannan a matsa shi da ƙarfi har ya shige cikin tsokar katakon. Wanda aka tsoma a kwatami ko aka shafa wa da burushi launi kawai ya samu. Ka sa a yanke maka guntu ka duba: a na gaskiya za ka ga kore ko ruwan ƙasa ya ratsa ciki sosai, galibi ya bar zuciyar itacen da haske, don ita ba ta shan magani da kyau. Riƙe wannan a ranka, saboda duk inda zartonka ya bi ka buɗe wa ruwa da gara ƙofa zuwa wannan zuciyar.

Maganin ma hawa-hawa ne. A tsarin Amurka, ƙaramar takardar da ke liƙe a bakin katako kan nuna UC3B ga wanda zai zauna a sarari sama da ƙasa, UC4A ga wanda zai taɓa ƙasa. A Turai aji na 3 da aji na 4 ake cewa. Ginshiƙai, katakan matakala, da duk abin da bai kai santimita 15 daga ƙasa ba, na taɓa ƙasa za ka saya. Ni har bim da katakon bango nakan ba da shawarar a yi su da shi, tunda sauya su daidai yake da rushe aikin duka.

Batun ƙarfe kuwa, nan ne masu tsimin kuɗi ke faɗawa rami. Magungunan yanzu irin su ACQ da CA cike suke da tagulla, kuma tagulla idan ta samu danshi cinye ƙarfe take yi. Ƙusar gama-gari ko baƙin sukurun silin kan sirance a cikin katakon har ya karye alhali kansa na nan lafiya a waje. Ka nemi ƙarfen da aka tsoma a narkakkiyar tutiya, mai kaushin jiki da launin toka, ba mai ƙyalli ba, ko kuma sitenles, wato ƙarfen da ba ya tsatsa. Kusa da teku sitenles mai lamba 316 ne kawai ke jurewa. Kada alminiyam ya taɓa wannan katako, kuma kada ka saka ƙusar sitenles a maratayin tutiya. Kowane da irinsa.

1. Izini da tsayin daɓe

A wurare da yawa hukumar gine-gine na buƙatar izini, musamman ga dandamalin da ke manne da gida. Bincika wannan, ka kuma san inda bututun ruwa da wayar wuta suka bi kafin diga ta taɓa ƙasa.

Daga bakin ƙofa ake fara awo. Saman daɓe ya zauna santimita 3 zuwa 5 ƙasa da dokin ƙofa don kada ruwan sama ya shiga ɗaki. Daga nan ka sauko da kaurin falanki, ka ja layi da lebul. Wannan layin ne saman katakon bango.

2. Katakon bango

Wajen rabin nauyin dandamalin a kan wannan katako yake, kuma mafi yawan ruftawar da ake samu daga ɓallewarsa ne. Ƙusa ba ta riƙe shi, komai yawanta, domin nauyi zare ta yake yi a hankali.

Idan gidan na katako ne, sai ka cire rufin bangon a wurin, ka ɗaure kai tsaye a jikin katakon da ke ɗauke da daɓen gidan, da noti mai ratsawa ko babban sukuru mai kaurin milimita 12. A kowane santimita 40 ɗaya, wannan a sama na gaba a ƙasa, kana barin santimita 5 daga baki don kada katakon ya tsage. Idan bangon zubin kankare ne, noti mai buɗewa a rami ko wanda ake kafawa da gam na musamman zai yi. Bulo mai rami, bulon ado da aka jera a fuskar gini, da bangon ƙasa, duk ba abin rataya nauyi ba ne. A nan ka haƙura da jingina: ƙara wani bim da ginshiƙai uku kimanin santimita 40 zuwa 60 daga bango, dandamalin ya tsaya da ƙafafunsa, ka bar tazarar yatsa biyu tsakaninsa da gini. Aikin ya ƙaru, amma ka rabu da matsalar ruwa a bayan katako gaba ɗaya. Irin wannan dai yana buƙatar tokare a karkace ta kowace fuska, don ba shi da bangon da zai hana shi rangaji.

Ga mai jingina, fallen kare ruwa wajibi ne. A lanƙwasa shi yadda gefensa na sama zai shige ƙarƙashin rufin bango ko cikin tsagar da aka yi a filasta, ya kwanta a saman katakon, ya sauko ta gaba kaɗan. Ruwa ya gangaro ya zuba waje. Wanda ya dogara da gam na toshe tsaga kaɗai zai tarar bayan wasu damuna gam ɗin ya saki, ruwa na kwana tsakanin katako da bango.

3. Fitar da kusurwa da haƙa tushe

Ja igiya biyu daga bakunan katakon bango zuwa waje, ka ɗaure a turakun da ka kafa nesa da inda za a haƙa. Awon misalinmu ya sauƙaƙa gwaji: gefe 3.6, gefe 4.8, to daga kusurwa zuwa kishiyarta mita 6 cif zai kasance. Auna duka biyun. Idan ɗaya ya fi ɗaya, matsar da igiya har su daidaita. A kowane girma kana iya gwadawa da santimita 90 a gefe ɗaya, 120 a ɗayan, tsakaninsu 150.

Bim zai zauna mita 3 daga bango, haƙarƙari su wuce shi da santimita 60. Ƙa'idar ita ce abin da ya leƙa gaba kada ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na tazarar baya. Ginshiƙai uku a jere, mita 2.1 tsakani, bim ya leƙa santimita 30 ta kowane baki. Idan itacen da ka samu mai taushi ne marar nauyi, ka mayar da su huɗu.

Ana lissafa wa dandamalin gida kusan kilo 250 a kowace murabba'in mita, nauyin mutane da na katakon kansa. Kada ka ga kamar ya yi yawa don mutum uku ne ke zama a kai kullum. Ranar taro ake yi wa gini. A watan Yunin 2003 wata barandar katako ta rufta da jama'a ana cikin walima a birnin Shikago na Amurka, mutum 13 suka rasu. Da wannan lissafi ginshiƙin tsakiya na ɗauke da sama da tan ɗaya, shi ya sa ramin zai kai faɗin santimita 45.

Zurfi kuwa sai ka wuce ƙasar sama mai laushi ka tarar da mai tauri wadda ba ciko ba, aƙalla santimita 30 a cikinta. Santimita 60 gaba ɗaya ya wadatar a ƙasa mai kyau. Inda ƙasa ke daskarewa da sanyi dole tushe ya sauka ƙasa da iyakar daskarewar, in ba haka ba ƙanƙara za ta riƙa ɗaga shi. Ƙasa mai yumɓu da ke kumbura da damina ita ma zurfi take so. Zuba tsakuwa santimita 10 ka daddaɓe, ka kwaɓa kankare, siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, ka cika har ya ɗara ƙasa da santimita 10. Kafa notin takalmin ginshiƙi tun yana ɗanye, kana duba igiya. Ba shi kwana uku kana yayyafa ruwa kafin ka ɗora komai.

Wasu kan binne ginshiƙin cikin kankaren. Yana da sauri, amma katako na ƙanƙancewa ya bar tsaga a kewayensa, ruwa ya taru a ciki, ya ruɓe daidai wuyan ƙasa inda ba ka gani. Takalmin ƙarfe na ɗaga shi wajen santimita 2.5 ya sha iska. Idan babu na sayarwa, mai walda zai haɗa maka da ƙarfe mai kauri, a kai a yi masa rufin tutiya, ko a shafe shi da fentin hana tsatsa a sa tef mai danƙo tsakaninsa da katakon.

4. Ginshiƙai da bim

Tsayar da kowane ginshiƙi da ɗan rara, ka duba miƙewarsa da lebul ta fuska biyu, ka tokare shi na wucin gadi. Ɗauko tsayin ƙasan katakon bango zuwa jikinsa. Idan lebul ɗinka gajere ne, siririyar tiyo mai gani-har-hanji da ruwa a ciki ta fi shi gaskiya a nesa. Ka rage kamar santimita 1 a kowace mita don daɓen ya ɗan gangara nesa da gida. A nan santimita 3 ke nan, kuma wannan alamar ce saman bim.

Bim a kan ginshiƙi yake zama, ba a gefensa ba. Ko dai ka yanke wa ginshiƙin kafaɗa mai zurfin santimita 7.6 bim ya hau, ka ratsa su da noti biyu, ko ka yanke shi a shafe ka sa hular ƙarfe. Manna katako biyu a gefe da gefen ginshiƙi da noti kawai yana mayar da nauyin duka kan notin, a hankali katakon ya tsage ta nan. Bakin da aka yanka a masana'anta shi ne zai kalli ƙasa, naka yankan ya kalli sama, ka shafe shi da magani har ya daina sha. Katakan bim biyu kuwa a haɗe su da ƙusa layi biyu, a rufe samansu da tef, domin siririyar tsagar da ke tsakaninsu matattarar ruwa ce.

5. Haƙarƙari

Yi alama a katakon bango da bim kowane santimita 40, daga tsakiyar wannan zuwa tsakiyar wancan, kana fara awo daga gefe guda a duka biyun. In falanki za su kwanta a karkace ne don ado, tazarar ta koma 30.

Ɗaga kowane katako ka kalle shi ta baki kamar mai saita bindiga. Kusan kowanne yana da ɗan doro; doron ya kalli sama, nauyi zai miƙar da shi. Wanda doronsa ya yi yawa ka ajiye shi na gutsattsari. Katako mai magani kuma faɗinsa kan bambanta da 'yan milimitoci, don haka kada ka fara kafa maratayai a layi ɗaya. Riƙe haƙarƙarin samansa ya yi daidai da saman katakon bango, sannan ka sa maratayin a ƙarƙashinsa. Kowane rami na maratayi a cika shi da ƙusar da aka yi dominsa. Sukurun daɓe ba ya jure nauyin da ke danna shi ta gefe, karyewa yake yi.

Inda haƙarƙari ya hau bim a kama shi da ɗan ƙarfen ɗauri don kada iska ta ɗaga shi. A saman bim da kuma tsakiyar tazara, saka gutsattsarin 2×8 tsakanin haƙarƙari don kada su murɗe. Rufe gaba da ɗaya katakon, ka sake auna kusurwa da kusurwa, ka ja igiya a samansu ka ga wanda ya ɗaga ka fere shi. Daga nan ka bi saman kowanne da tef mai danƙo. Kowane sukurun daɓe rami zai huda a nan, kuma tef ɗin ne ke kama jikin sukurun ya hana ruwa bin sa. In babu tef, siraran yankan takardar kwalta ta rufi za su yi.

6. Ginshiƙan makari

Makari shi ne shingen gefe da ke hana mutum faɗowa. Ginshiƙansa tun kafin falanki su rufe wurin ake kafa su. A dokar gini ta Amurka, dandamalin da ya wuce santimita 76 daga ƙasa sai da makari mai tsayin aƙalla 91, wanda zai jure turin kusan kilo 90 a samansa. Ginshiƙin 4×4 ne, tazara kada ta wuce mita 1.8, noti biyu masu ratsawa, da gutsattsari a bayansa da ke kai ƙarfin turin cikin haƙarƙari. Kada ka fafe gindinsa don ya zauna da kyau a gefe. Daidai wurin fafewar yake tsagewa ranar da wani ya jingina.

7. Shimfiɗa falanki

Tambaya ta farko: katakon jiƙe yake ko busasshe? Wanda ya fito daga tukunya kwanan nan yana da nauyi da sanyi a hannu, kuma in ka danna masa sukuru za ka ga ruwa ya tsatso a kewayen kan. Irin wannan a manne ake jera shi, zai ƙanƙance da kansa ya buɗe tazarar milimita 3 zuwa 6. In ka ba shi tazara yana jiƙe, bayan wata uku ƙafar kujera za ta riƙa faɗawa. Busasshe kuma, wanda aka sake gasawa bayan magani, sai ka bar masa milimita 4 zuwa 5. Kaurin babbar ƙusa ma'auni ne mai kyau.

Fara da falanki mafi miƙewa, ka bar santimita 1 tsakaninsa da bango. Fuskar da ta fi kyau ita ce sama. Sukuru biyu a kan kowane haƙarƙari, santimita 2 daga gefe: mai tsawon 6.5 ga falanki mai kaurin 2.5, mai 7.5 ga mai kaurin 3.8. A bakin falanki ka fara hudawa kafin ka ɗaura, in ba haka ba zai tsage nan take ko bayan ya bushe. Kan sukuru ya tsaya daidai da fuskar katako. In ya nutse, ka yi wa ruwa ɗan gurbi sau 650.

Falankin da ya karkace ba na yarwa ba ne. Ɗaure bakinsa ɗaya, ka kafa guntun katako mai tsini a jikin haƙarƙari ka banƙaro shi, ko ka jawo shi da matsi, kana ɗaurewa kana gaba. Bayan kowane layi huɗu ko biyar auna abin da ya rage ta dama da hagu. In sun bambanta, ka gyara a hankali cikin tazarar layukan gaba. Idan dole falanki biyu su haɗu baki da baki, ƙara guntun katako a jikin haƙarƙarin kowanne ya samu mazauni, kuma kada mahaɗa biyu su yi maƙwabtaka. Bar bakuna su leƙa, in ka gama ka buga layin alli santimita 3 daga gefe ka yanke su a tashi ɗaya, ka shafa magani.

8. Matakala da makari

Auna daga saman daɓe zuwa inda ƙafa za ta sauka, ka raba daidai. Santimita 90 ya ba da hawa biyar na 18. Faɗin taki 28, wato falanki biyu. Bambancin hawa da hawa kada ya kai santimita 1, domin ƙafa na haddace na farko. Katakan gefe daga 2×12 ake yanka su, ba fiye da santimita 45 tsakaninsu ba, a bar aƙalla 12.5 na jikin katakon ba a taɓa ba, a ƙarasa kusurwar yanka da zarton hannu. Abin da sabon hannu ke mantawa: sai an rage kaurin falankin taki daga gindin katakon, in ba haka ba hawan farko zai fi sauran tsawo, na ƙarshe ya gajarce. Gindin ya sauka a kan kankare.

Sandunan makari kada ƙwallo mai faɗin santimita 10 ya iya ratsa tsakaninsu, saboda kan ƙananan yara.

9. Shafa mai

Maganin yana hana ruɓa da gara, amma bai hana rana da ruwa tsattsaga katako ba. Jira ya bushe, makonni ko watanni gwargwadon yanayi. Ɗiga ruwa a kai: in ya tsaya dunƙule, da saura, in ya shige cikin mintuna, ya isa. Man da ke shiga jikin katako ya fi fenti ko banish da ke kwanciya a sama, don su ɓarewa suke yi a inda ake takawa. Sabuntawa duk shekara biyu ko uku, tare da sharce datti daga tsakanin falanki.

Idan tsoho za ka sauya

Kafin ka sayi ko falanki ɗaya, shiga ƙarƙashi da tocila da sukundireba. Soka shi a gindin ginshiƙai, katakon bango da abin da ke bayansa, saman haƙarƙari inda ƙusoshi suka shiga, tsakanin katakan bim, da gindin matakala. Lafiyayyen katako ba ya barin ƙarfen ya shiga, kuma in ka ɓantare shi dogon sili yake fitarwa. Ruɓaɓɓe kan bar shi ya nutse fiye da milimita 6, ya gutsure gajere ba ƙara. Duba hanyoyin ƙasa na gara, jan zubin tsatsa a ƙarƙashin maratayai, da ko katakon bango ya fara barin tsaga tsakaninsa da gini. Tsaya a sama ka yi rangaji gefe da gefe ka ji ko yana bin ka.

In ginshiƙai, bim da katakon bango lafiya suke, haƙarƙari ɗaya ko biyu ne suka taɓu, falanki kawai za ka sauya. In ruɓar ta kama katakon bango ko ginshiƙai, ko ta bazu a haƙarƙari da yawa, rushe duka. Sabon daɓe zai yi shekarun da tsohon ƙashi ba zai kai ba, kuma babu mai son ɓamɓare aikin da bai daɗe da biya ba. Katakon bangon da ƙusa kawai ke riƙe da shi, ko da lafiyarsa ƙalau, a ƙara masa noti da fallen kare ruwa tun da an buɗe wurin.

Rushewa daga sama take farawa: makari, falanki daga waje zuwa bango, matakala, haƙarƙari, bim, ginshiƙai, katakon bango a ƙarshe. Kada ka tsaya a kan abin da kake yankewa, kuma ka toshe ƙofar da ke fitowa wurin ta ciki. Sukurun da kansa ya cinye kada ya ɓata maka yini: saita zarto daidai kaurin falanki, ka yanka tsakanin haƙarƙari, ka ɗaga guntayen da ƙarfen ɓamɓara, abin da ya karye ka yanke shi ko ka buga shi ciki. Bi ƙasa da maganaɗisu daga baya.

Haƙarƙarin da samansa ya ɗan taɓu, ka kankare ruɓar har ka kai lafiyayye, ka shafa magani, ka manna masa sabo mai cikakken tsawo da noti, bakunansa biyu su zauna a kan bim da maratayi. Guntun da aka liƙa a tsakiya kawai ba ya ɗaukar komai. Share saman duka, shafa magani a tsofaffin ramuka, liƙa tef, sannan ka kauce musu da sabon sukuru. In falankin da aka yi da haɗin roba da garin katako za ka koma, duba tazarar da kamfanin ya gindaya, domin ya fi katako lanƙwasa kuma wani lokaci sai an ƙara haƙarƙari. Tsohon tushen kankare ana iya sake amfani da shi muddin bai tsage ko nutse ba kuma ya faɗo a layin sabon bim.

Tsohon katakon kansa yana buƙatar kula. Har zuwa ƙarshen 2003 maganin CCA, mai ɗauke da gubar asenik, shi ne aka fi amfani da shi a gidajen Amurka. Tarayyar Turai ta taƙaita shi a 2004, kuma akwai ƙasashen da har yanzu ake sayar da shi. Duk dandamalin da ya girmi waɗannan shekaru ka ɗauka shi ne a jikinsa. Kada ka goge shi da samfefa, ka sa takunkumi wajen yanka, ka shimfiɗa tamfol ya tare garin, ka wanke hannu kafin cin abinci, kayan aikin kuma a wanke su daban. Katako mai magani, tsoho ko sabo, ba a ƙona shi, ba a girki da shi, ba a zuba garinsa a shimfiɗar dabbobi ko takin lambu. Hayaƙinsa da tokarsa guba ne. Tara shi wuri guda nesa da masu neman itacen wuta, ka tambayi hukumar kwashe shara inda ake karɓar irinsa.